Kunnen Motar Israel

"Ke kika haɗa ni da shi! In ba ke ba, wa zai kai masa magana?"

"Mama, wace magana? Rabona da jin muryar Yaya Israel tun ranar da ya ajiye motar nan ya tafi. Ta ina zan kai masa magana?"

"To me ya sa ya daina amsa mini tun da kika zo?"

"Saboda mota ce, Mama! Mota! Ƙarfe da roba!"

Paulina ke nan da 'yarta Anita, a tsakar gida, rana ta take. Ni kuwa ina zaune a kan turmi a ƙofar ɗakin girki. Aron rariya na zo yi, an kuma ba ni tun kafin a fara, amma ban ga dalilin tashi ba tukuna.

Anita ta juyo kaina. Malamar asibiti ce a Kano, idan ta kalle ka sai ka ji kamar allura za ta yi maka.

"Iya Tambaya, ke kullum kuna tare. Don Allah ki gaya mata. Akwai wanda yake jin ta a cikin motar nan?"

Na ɗaga rariya ina duba ko ta huje. Na ce ni ban yi boko mai zurfi ba, aji uku na yi aka cire ni, kayan Turawa sai Turawa.

"Kin ji ko?" in ji Paulina. "Tambaya ta sani. Ita ce ma ta fara ganewa."

Anita ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta ta ce Kura za ta, yanzu za ta dawo da wanda ya san mota, kowa ya huta.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san inda na sa hannu a ciki.

Paulina da mijinta Hananiya daga wajen Jos suka zo, tun lokacin da ake haƙa kanal ɗin ban ruwa a ƙasarmu, tsakanin Kura da Bunkure. Shi ne mai buɗe ƙofar ruwa na ɓangarenmu, har ya rasu shekara shida da suka wuce. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, ita ma ta zube daga tsakiya, ba mu gyara ba don ta nan muke miƙa wa juna gishiri da labari. Malam nawa ya riga Hananiya tafiya. 'Ya'yana suna Kumbotso da Kano, sai da salla nake ganinsu, su ma su zo da hantsi su koma kafin la'asar. Ita kuma 'ya'yanta biyu: Anita, da babban, Israel, wanda ya tafi Baljiyam aikin lodin motoci a bakin ruwa.

Kafin daminar bara ya zo gida da wata doguwar mota baƙa mai sheƙi. Kwana uku ya yi. A ukun nan ma rabi yana Kano wajen abokai. Ranar da zai tafi ya ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zaunar da uwar a kujerar direba ya koya mata murza makulli.

"Kullum ki tayar da ita, Mama, ta ɗan yi aiki, kada batir ya mutu. Kada ki taɓa komai. Wannan maɓallin na bar shi a kunne, shi zai kula da sanyi da kansa. In na dawo zan ɗauka."

Ya bugo waya sau biyu a shagon Iliyasu, inda muke zuwa karɓar kira. Na biyun ma tambaya ya yi ko tana tayar da motar. Daga nan shiru.

Ni fa abin da ya fara kai ni motar nan sanyi ne, ba zan ɓoye muku ba. Wanda bai taɓa zama a ciki ba ba zai gane ba. A waje ƙasa tana ƙuna, ƙudaje sun taru a kan tumatirin da aka shanya, kai kuma kana ciki kamar an sa ka a randa. Kullum bayan la'asar Paulina za ta wanke ƙafa, ta cire takalmi a waje, ta shiga gaba. Ni in shiga baya da gorona in miƙe ƙafa. Haka muke zama, mota ba ta zuwa ko'ina, mu ma ba mu zuwa.

Wata rana tana cikin faɗa. An ce mata Israel ya ajiye wata Baturiya, ta hau matar nan da ba ta taɓa gani ba, ta ce ƙafarta kamar sillen kara, ta ce ba ta iya tuƙa tuwo ba, ta ce shi ma sakarai ne kamar kawunsa. Ni kuma idona ya kai kan wani ɗan wuri a gefen sitiyari, daidai gwiwar direba ta dama. Bai fi girman kwabo ba, da 'yan tsage-tsage kamar bakin rediyo. Na miƙa wuya na kara kunne, sai na ji yana wani ɗan zuuu a hankali, kamar sauro a cikin kwalba.

Shaiɗan ya raɗa mini. Na dafa kafaɗarta na ce, "Maman Israel, rage murya. Kin ga wannan? Kunne ne. Haka suke sa wa motocinsu a can, mai mota yana zaune a ɗakinsa yana jin duk abin da ake faɗa a ciki."

Ta toshe baki da hannu biyu. Idonta ya fito. Ta sunkuya a hankali har goshinta ya kusa taɓa sitiyari, ta ce, "Israel, ɗana, wasa nake yi. Matarka kyakkyawa ce. Ka gaishe ta."

Na cusa bakin zane a baki don kada dariya ta fito. Na ce a raina gobe in gaya mata, mu yi dariya tare.

To amma kafin ta ɗago, sai iskar motar ta ƙaru. Da ma idan an daɗe a ciki iskar takan lafa, ta koma kamar numfashin mai barci. Sai ga ta ta taso, fuuu, har ta kaɗa bakin ɗankwalinta. Ta ɗago ta dube ni.

"Ya ji," ta ce. "Tambaya, ya amsa."

Washegari da na zo na tarar ta riga ni shiga. Ta sa zanen da take zuwa coci da shi. Ta sunkuya tana cewa, "Ina wuni, Baba na? Ya aiki? Ka ci abinci?" Ta yi shiru tana jira. Iska ta taso. Ta yi murmushi irin wanda rabon da in gani tun Hananiya yana da rai. Na buɗe baki, na rufe. Na shiga baya na zauna.

Haka muka yi wata goma. Ba abin da ba ta gaya masa ba. Ta gaya masa tsuntsaye sun cinye gefen shinkafarta na gabas. Ta gaya masa sabon mai buɗe ruwa ba ya zuwa kan lokaci, albasa tana shan wuya. Ta gaya masa wanda ya yi aure da wanda ya saki, har da waɗanda ni na kawo mata, ina baya ina gyara mata inda ta yi kuskure. Wani lokaci ta manta ina nan. Sai ta gaya masa yadda gidan yake yi mata faɗi, yadda take dafa shinkafa gwangwani ɗaya ta kasa cinyewa, yadda take kiran sunan babansa idan ta ji motsi a zaure. Irin wannan ban taɓa kai wa kowa ba, ni da ake cewa bakina ba ya riƙe ruwa. Idan kuka ya zo mata sai ta ninke hankici ta rufe ɗan wurin, wai kada ya ji hankalinsa ya tashi a ƙasar mutane.

Kusan kullum ina cewa yau zan faɗa. Amma idan na faɗa, ina za mu zauna bayan la'asar? Kowa ta koma ɗakinta ta kalli bango.

Da watan Kirsimeti ya wuce bai zo ba, ta sunkuya ta tambaye shi ko zai zo da bikin Ista. Ta daɗe tana magana a ranar, bakinta dab da wurin. Iska ta taso da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Kashegari ta sayo ɗan bunsuru a kasuwar Bunkure ta ɗaure a bayan ɗaki, tana ba shi dusa da harawa. Ta sa aka yi wa ɗakin Israel farar ƙasa. Har da masu ƙidaya suka zo a watan nan, sai da ta yi rigima da su, wai sai sun rubuta shi a gidan. Yarinyar mai rubutu ta ce sai wanda suka gani da ido suka shafa wa tawada a yatsa. Paulina ta ce to su zo ta kai su mota su gaisa. Suka dubi juna suka wuce gidan gaba.

Labarin nan ne ya kai kunnen Anita, ba ta bakina ba, na rantse, ko da yake na gaya wa mutum biyu. Shi ne ta zo. Kuma aka yi rashin sa'a, a satin da ta zo iskar ta daina amsawa. Paulina ta yi gaisuwa, ta yi lallashi, ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta sani ba. Iska tana nan yadda take, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Kwana huɗu ba ta ci abincin kirki ba. Ranar ta biyar ce aka yi faɗan da na fara ba ku.

La'asar sakaliya sai ga Anita a bayan babur, wani mutum yana tuƙawa. Mudassiru sunansa, mai gyaran wayoyin mota da na'urar sanyi a bakin titin Kura. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Ya gaishe mu, ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai taya saniya.

"Mama, me ke damunta?"

"Kunnen ne ya toshe," in ji Paulina. "Ko kuma fushi yake yi. Kai dai duba."

Ya dubi Anita. Anita ta ce, "Malam, ka nuna mata kawai. Please."

Ya shiga ya tayar, ya sunkuya ya kara kunne a ɗan wurin. Ya ce a samo masa tsinken turare. Na tsallaka katanga na kawo nawa, don ba na so a yi komai ba na nan. Ya kunna ya riƙe a gaban tsage-tsagen. Hayaƙin ya miƙe sama abinsa.

"Ba ya ja," ya ce.

Ya sa wani siririn ƙarfe ya ɓalle murfin. Jama'a, abin da ya fito! Ƙura, da zaren hankici, da ɓuntun shinkafa da iska ke kwasowa daga injin casa na bayan gari, duk sun dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Ya zaro su da tsinke, ya hura. A ciki akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gero a kan siraran wayoyi biyu, bayansa kuma 'yar fanka da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ya mayar da murfi, ya sake riƙe turaren. Sai ga hayaƙi ya lanƙwasa yana shiga ciki kamar ana zuƙa.

"Yauwa. Ya dawo."

Paulina ta tafa hannu. "Allah ya yi maka albarka! Matsa in gaishe shi."

Ya fito, ta shiga, muka rufe ƙofofi, ni da Anita a baya, shi a gefenta. Muka jira motar ta yi sanyi, iska ta lafa. Ta sunkuya. "Israel, ni ce. Ka yi haƙuri, ashe datti ne. Na zaci ka yi fushi." Ta ci gaba, tana ba shi labarin bunsuru. Can sai iska ta taso. Ta juyo ta kalli Anita, fuskarta duk haske. "To? Ƙarfe da roba ko?"

Wallahi da Anita ta bar shi a nan, da an tashi lafiya. Na ga Mudassiru ma ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Amma ta ce, "Malam, ba gyara na kawo ka ka yi ba. Ka gaya mata mene ne."

Ya sosa gemu. Ya ce, "Mama, akwai ruwan zafi a gida?"

Anita ta fita ta kawo shayi a kofin silba, yana tururi. Muka sake jira iska ta lafa. Ya ce kowa ya yi shiru, kada wanda ya ce uffan. Ya riƙe kofin a gaban ɗan wurin. Ba a ɗauki lokaci ba iska ta taso, fuuu, ta ma fi ta ɗazu.

Ya janye kofin. Muka zauna. Iska ta koma ta kwanta. Ya sake matso da shi. Ta sake tasowa.

"Sensa ake ce masa," ya ce, a hankali, ba ya kallon ta. "Aikinsa auna zafin cikin mota. 'Yar fankar nan tana jawo iskar ciki ta wuce ta kan ƙwayar da kika gani. In ta samu da ɗumi, sai ta sanar da na'urar sanyi ta ƙara ƙarfi. In ta samu da sanyi, ta rage. Shi ke nan aikinsa. Idan kin sunkuya kina magana, numfashinki ne yake ɗumama shi."

"Numfashina."

"Eh, Mama."

"Ba waya a ciki? Wadda take zuwa can?"

"Wayar da ke ciki ba ta kai tsawon hannuna ba. Nan bayan rediyo ta tsaya."

Ta miƙa hannu ya ba ta kofin. Ta riƙe da kanta a gaban wurin. Iska ta taso. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa masa kofin, ta murza makulli ta kashe motar. Zafi ya fara shigowa, ba wanda ya motsa.

"An gode, Malam," ta ce. "Anita, ki ɗebar masa albasa."

Ta fita ta shige gida ba takalmi. Suna nan a gindin darbejiya inda ta cire su, ni na kwashe na miƙa ta katanga. Anita ta tsaya a jikin mota tana share ido, tana ce mini, "Iya, ai gara ta sani, ko? Gara ta sani." Mudassiru ya ƙi karɓar albasar, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Washegari ban leƙa ta katanga ba. Na ji fitar Anita da sassafe, na ji kukan bunsuru yana nisa, ashe Paulina ta ce a tafi da shi Kano a ba yaran Anita. Na share ɗakina sau biyu. Na zauna a bakin gado ina jin injin ban ruwa yana bugawa can a gonakin albasa.

Da hantsi Paulina ta yi sallama. Ba ta katanga ta zo ba, ta ƙofar gida ta zagayo kamar baƙuwa. Ta shigo ɗaki da ƙullin kaya ta ajiye a kan tabarma: maficina, da gwangwanin gorona, da tsohon mayafin da nake yin matashi da shi a kujerar baya. Na ce ta zauna. Ta tsaya.

"Tambaya, tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da kika ce kunne ne, wa ya gaya miki?"

Na so in ce a rediyo na ji. Har na shirya wanda zan ce ya faɗa. Na dubi idonta, duk sun kumbura.

"Ba kowa. Tsokana ce. Na ga kina zagin matarsa, na ce bari in tsorata ki."

"Tsokana."

"Na yi niyyar gaya miki washegari, Allah ya sani. Sai na ga kin sa zanen coci. Sai na ga kina dariya."

"Wata goma kina bayana. Sau nawa kika yi mini dariya?"

"Ranar farko kaɗai. Na rantse da wanda ya halicce ni."

"Sauran kwanakin fa?"

"Sauran ina sauraro ne, Maman Israel. Duk abin da kika faɗa ba wanda ya faɗi ƙasa. Na ji na shinkafa, na ji na zaure, na ji na Hananiya. Ban kai wa kowa ba. Ai ba a banza kika yi ba, akwai mai ji. Ki zo da la'asar mu zauna ko a nan ne, ga tabarma, ki faɗa ina ji."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta gyara ɗaurin zane.

"Ba da ke nake magana ba, Tambaya."

Ta juya ta fita, ta ja ƙyauren langa-langa ta buga shi da ƙarfin da ya sa ƙasa ta zubo daga saman bango.